Igiyar da Na Kai Jabal Shams

Tun da muka dawo daga Oman ban huta da tambaya ba. A masallacinmu na unguwar Mesaimeer, nan Doha ta ƙasar Qatar, da an sallame sai wani ya matso ya ce, "Malam Haladu, wai da gaske ne kai ma ka je yawon buɗe ido?" Yana tambaya yana dariya, domin kowa ya san hali. Ni ne mutumin da ke kaiwa bakin titi sannan ya koma ya duba ko ya kashe gas. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa yana ƙara masa nasa, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne. Kullum ina kwasar ma'aikata a bas daga Mesaimeer in kai su dogayen benayen West Bay, da yamma in dawo da su. A hanyar Haɗejiya zuwa Kano na koyi tuƙi, kuma tun daga lokacin har zuwa wannan tafiyar ban taɓa ko gogar motar wani ba. Kabiru, ɗan yayata Hauwa, shi ya samo mini aikin nan. Injiniya ne, kuma shi kaɗai Allah ya bar wa Yaya.

Shi ya kawo maganar tafiyar a hutun ƙarshen shekara. Ya ce akwai wani dutse a Oman, Jabal Shams, mai wani kwazazzabo da mutane ke zuwa kallo daga ko'ina a duniya. Za su tafi a motarsa, shi da matarsa Zainab da abokinsa Bulus, wani nas mutumin Pankshin. Ya nuna mini hoton wurin a waya. Na ga mutane tsaye a bakin rami, babu katanga, babu ko ƙarfen dafawa. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, ni ina da wanki."

Kashegari Yaya ta kira ni daga gida. Ta ce, "Haladu, na yi na yi yaron nan ya ƙi fasawa. To kai za ka tuƙa su. Na ba ka amanarsu. Ka kai su, ka dawo mini da su."

Na ce, "To, Yaya." Me zan ce? Ita ta goya ni.

Kabiru ya nema mana bizar ƙasashen da za mu ratsa. Tawa ta yi jinkiri, kuma ba zan ɓoye ba, na yi ta addu'ar a hana ni. Aka ba ni. Da na ga babu mafita sai na je shagon wani Ba'indiye na sayi igiya shuɗiya mai kauri, irin wadda ake jan guga da ita a rijiya mai zurfi. Niyyata in mun isa bakin ramin in ɗaure kowa a ƙugu, in riƙe bakin igiyar. Na cusa ta a bayan mota ƙarƙashin bargo, ban gaya wa kowa ba.

Muka fita ta iyakar Abu Samra muka shiga Saudiyya. Hanyar miƙaƙƙiya ce, yashi dama yashi hagu, sai manyan motoci. Irin hanyata ke nan. Na tsaya a gefen dama ina tafiya a hankali, tirela suna wuce mu.

Zainab Bakatsiniya ce, ni Bahaɗeje, saboda haka wasa ya halatta tsakaninmu duk da surukuta. Ta ce, "Kawu, wancan raƙumin da muka wuce ɗazu, ga shi can ya kamo mu."

Na ce, "Bari ya wuce, 'yata. Wataƙila Bakatsine ne, yana sauri ya je ya yi fariya."

Muka ratsa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, muka kwana a Al Ain. Masaukin yana da kyau, sai dai tagar ɗakina ba ta kallon inda aka ajiye motoci, sai da na roƙi Bulus muka yi musanyar ɗaki.

A iyakar Oman asirina ya tonu. Jami'in kwastan ya ce a buɗe bayan mota. Ya ɗaga bargo, ya jawo igiya, ya yi ta jawowa ba ta ƙare ba. Ya tambaya da Larabci ko mu masu hawan dutse da igiya ne. Kabiru ya dube ni. Dole na faɗi gaskiya. Da Kabiru ya fassara masa, mutumin ya dafa mota yana dariya, har ya kira abokin aikinsa. Ya ce, "Ya Hajji, mu a can ko awakinmu ba ma ɗaurewa." Ya naɗe mini ita da hannunsa, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Bulus ya ce, "Kawu, ni fa ko a asibiti ba ma ɗaure mutum sai ya fara duka."

A raina na ce ku yi dariyarku, ba ku aka ba amana ba.

Garin da ke gindin dutsen sunansa Al Hamra, kuma can na fara jin daɗin tafiyar. Gidajen ƙasa ne masu bene, kamar cikin birnin Kano na da. Ruwa yana bin 'yar magudana daga dutse yana ratsa gonakin dabino, kowace gona da lokacin shan ruwanta, ba faɗa. Mazansu suna sa hula mai aiki, in ka hango mutum ta baya sai ka rantse daga kasuwar Kurmi ya sayo ta. Muka shiga masallaci sallar azahar, Bulus ya zauna a inuwa yana gadin takalma. Da aka tayar sai na ga duk sahun sun saki hannuwansu, kamar yadda mahaifina ya koya mini. A Doha na daɗe ina jin kunyar sakin hannu, har wani saurayi ya taɓa kama hannuwana ya ɗora mini a ƙirji. Ran nan na yi salla hankalina kwance kamar a ƙofar gidanmu.

Muka ci shinkafa da naman akuya, da wata gurasa tasu mai kaurin takarda. Aka kawo halwa, wadda ta yi kama da tuwon madara da aka hana daskarewa. Na tambayi mai abincin abin da aka sa a ciki har ya gaji da ni, sannan na ci, na kuma ƙara.

Daga nan muka fara hawa. Hanyar lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, wani wurin kwalta wani wurin tsakuwa. Motar Kabiru babba ce, otomatik, ta haye ba gardama. Muka sauka a wani masauki mai ɗakunan dutse a can sama. Sanyin wurin ya wuce misali. Akwai na'urar ɗumama ɗaki, amma na ga wayarta ta ɗan yi baƙi, na ƙi kunnawa. Na kwana da riguna uku da hular sanyin Bulus.

Da safe muka je bakin kwazazzabon. Ba zan iya kwatanta muku shi ba. Ku ɗauki benen da ya fi kowanne tsawo a West Bay, ku jefa shi ciki, sai kun leƙa da kyau kafin ku gan shi. Tsuntsaye suna shawagi a ƙasa da ƙafafunmu. Na ce Allahu Akbar, na ja da baya na zauna a ƙasa.

Zainab ta ce, "A yi wa Kawu uzuri. A Haɗejiya tudun da ya fi tsawo shi ne shurin gara."

Akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ke bin jikin kwazazzabon, bango a hannu ɗaya, rami a ɗaya. Ita suka zo bi. Na fito da igiya. Kabiru ya ce, "Kawu, don Allah. In ɗaya ya zame ai duk mu huɗu za mu tafi." Ban taɓa tunanin haka ba, kuma maganar ta ƙara tayar mini da hankali. Duk da haka na rataya ta a kafaɗa na bi su a baya, ina cewa, "Ku matsa jikin bango. Zainab, bar ɗaukar hoto kina tafiya." Wata tsohuwar Baturiya mai sanduna biyu ta wuce mu tana murmushi kamar za ta kasuwa. Da muka zauna cin guzuri, wata akuya mai dogon gashi ta fizge burodin Bulus daga hannunsa, wata kuma ta zagaya ta bayana tana taunar bakin igiyata.

A ƙarshen hanyar akwai wani ƙauye da mutanensa suka tashi. 'Yan ɗakunan dutse ne a manne a ƙarƙashin tsauni, da 'yan gonaki kamar matakala a bakin rami. Zainab ta ce, "Kawu, a nan fa mata suka haihu, yara suka yi rarrafe. Wa ya ɗaure su?"

Muka dawo lafiya, kowa da ƙafafunsa. Na yi nafila raka'a biyu na gode wa Allah. A zatona amanar Yaya ta fita daga haɗari, saura tuƙi kawai, wanda shi ne sana'ata.

Kashegari da hantsi muka kamo gangara. Maigidana da ya koya mini mota ya sha gaya mini cewa direban kirki ƙafarsa ba ta nisa da birki. Saboda haka na ɗora ƙafa a birki tun daga sama, ban ɗaga ba. Motar tana so ta gudu, ina danne ta. Ina jin daɗin kaina ma, ina cewa ga yadda ake saukar da mutane.

Bulus ya leƙo daga baya ya ce, "Kawu, ka mayar da ita ƙaramin giya. Haka direbobinmu ke yi a gangaren Pankshin."

Na ce, "Wannan otomatik ce, ɗana. Ba a wasa da giyarta tana tafiya. Motar mutane ce, in na lalata fa? Kai dai tsaya ga allurarka."

Kabiru ya ce, "Bar Kawu, ya fi mu sani." Wannan maganar har yau tana damuna.

Can sai na ga wata tsohuwar a-kori-kura a madubi, ta ɗauko ciyawa har ta fi ta tsawo. Direban yana ta yi mini fitila, yana danna hon. A Doha in an yi maka haka, ana nufin ka kauce ko a bi ta kanka. Na ce, "Gaggawar nan ta Larabawa, yalla yalla, har kan dutse? Wallahi ba zan yi sauri ba." Na ƙara danna birki.

Zainab ta ce, "Ba ku jin ƙauri?"

Na ji. Kamar an bar tukunya a wuta. Na ce wataƙila motar bayanmu ce. Ban rufe baki ba na ji birki ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafata. Na danna, ya tafi kusan ƙasa, motar ba ta rage gudu yadda ya kamata ba. Na sake dannawa. A gabanmu akwai kwana, bayan kwanar babu komai sai sarari. Ban ce musu komai ba, sai salati nake yi a zuci, fuskar Yaya kawai nake gani.

Sai a-kori-kurar nan ta fito ta gefenmu da gudu, ta sha gabanmu, ta shiga daidai hancinmu. Kabiru ya ce, "Wannan mahaukaci ne?" Mutumin ya fito da hannu ta taga yana yi mini alamar in biyo shi, yana rage gudu kaɗan-kaɗan. Na gane abin da yake nufi. Na daidaita sitiyari, bambarmu ta dafa bayan motarsa, ƙum. Ya riƙe mu da nasa birkin. Bulus ya yi tsawa, "Giya, Kawu, giya!" Wannan karon na ji magana, na ja ta ƙasa. Injin ya yi gurnani, motar ta lafa. Mutumin ya ja mu a haka har wani fili a gefen hanya, na ja birkin hannu, muka tsaya. Ciyawarsa ta zubo mana a kan gilashi.

Na fito daga motar. Tayoyin gaba suna hayaƙi. Na ɗauko jarkar ruwa zan kwara musu, sai na ji an riƙe mini hannu. Direban a-kori-kurar ne, dattijo siriri mai farin gemu, da rawani a naɗe. Ya ce, "La, la, la!" Kabiru ya fassara: in na zuba ruwa ƙarfen zai lanƙwashe, a bar shi ya huce da kansa. Ya ce tun daga sama yake ganin jar fitilar birkina ba ta mutu ba ko sau ɗaya, kuma yana jin ƙaurin, shi ya sa yake ta kirana in tsaya. Ya ce baƙi daga ƙasashen da ba su da tudu sun saba yin haka, kuma masu tsoron cikinsu sun fi yi.

Na duba bambar motar Kabiru, ta loɓa, fenti ya kankare. Tabona na farko ke nan. Na ce a kira 'yan sanda a rubuta, kamar yadda doka ta ce a Doha. Dattijon ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan motarsa. Duk jikinta loɓa ne, ya ce in nuna masa wanne ne nawa. Ban iya ba. Ya ce, "Halas," wato magana ta ƙare.

Sunansa Salim. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar motarsa, ya fito da butar gahawa da dabino, kamar dama ya gayyace mu. Da muka zauna sai ya dube ni ya yi wata tambaya. Kabiru ya ce, "Yana tambaya ko akwai labari."

Na ce, "Labari? Ai shi ya fi kowa sanin labarin! Ka ce masa saura kaɗan in hallaka ɗan yayata da matarsa da baƙonmu."

Kabiru ya fara fassarawa, dattijon ya girgiza kai yana murmushi. Ya ce a al'adarsu in an tambayi baƙo labari, sai ya ce babu labari sai alheri, ko da me ya baro a baya. Sai an sha gahawa, hankali ya dawo, sannan a yi maganar da za a yi. Ya sake tambayata.

Na ce da Hausa, "Labari sai alheri." Da na ji maganar ta fito daga bakina, irin wadda muke yi kullum a gida ba tare da tunani ba, sai hawaye suka zubo mini. Zainab ta juya baya, ita ma tana share fuska. Bulus ya kama wuyan hannuna yana duba bugun jinina, bai ce komai ba a kan Pankshin, kuma na gode masa da wannan.

Da birki ya huce, Kabiru ya sa hannu a aljihu. Fuskar Salim ta canza, ya ɗaga hannu, dole Kabiru ya mayar. Muka tashi taya shi kwashe ciyawar da ta zube, sai muka ga tsohuwar igiyarsa ta tsinke wurin karon. Yana ta ƙoƙarin ƙulla ta, ba ta kai ba. Na je bayan mota na ɗauko tawa. Ya karɓa, ya ja ta da hannu biyu, ya duba inda akuya ta tauna, ya gyaɗa kai. Wannan bai ƙi ba. Ni da shi muka ɗaure ciyawar tam, har igiya ta yi saura.

Ya shiga gaba, muka bi shi a ƙaramin giya har Al Hamra, ƙafata a gefe, sai in taɓa birki in saki kamar yadda ya nuna mini. Ya kai mu wurin wani bakanike aka canza man birki da abin da ya ƙone. Kafin a gama ya ce awakinsa suna jiran abinci, ya tafi. Ko lambar wayarsa ba mu karɓa ba.

A hanyar dawowa Kabiru ya ce kada a gaya wa Yaya, hawan jininta zai tashi. Na yi ta juya maganar tun daga Oman har Abu Samra. Da muka iso Doha na ce masa ba zan iya ba. Ita ta ba ni amana, ita zan mayar wa da bayani.

Na kira ta. Ta ce, "Haladu, kun dawo? Ina labari?"

Na ce, "Sai alheri, Yaya." Na bari ta gama hamdala, ta tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ji muryar Kabiru. Sannan na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce ba ramin ne ya so cinye su ba, ƙafata ce.

Ta ce, "Shi bawan Allahn nan, ya sunansa?"

Na ce, "Salim."

Ta ce, "Salim. To ya shiga addu'ata daga yau, tare da ku. Kai kuma da na ce na ba ka amana, ce maka na yi kai kaɗai za ka ɗauka? Yaron nan Bulus ya gaya maka magana, ka ƙi ji. Tun kana ƙarami haka kake, tsoro ya hana ka jin kowa." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka dawo mini da su. Allah ya yi maka albarka. Je ka ci abinci."

Tabon yana nan a bambar Kabiru. Gareji a nan ba sa taɓa mota sai da takardar 'yan sanda, mu kuwa ba mu da ita, kuma Kabiru ya ce ko da akwai ba zai gyara ba. Duk ranar da na je gidansu sai na tsaya na dube shi kafin in yi sallama.

To masu tambaya, ga yadda tafiyar ta kasance. Wurin ya cancanci gani, ku je in Allah ya hore muku. In za ku sauko, ku sa ƙaramin giya tun daga sama, kuma in na bayanku ya yi muku fitila, ku tsaya ku ji abin da yake so. In kuma Allah ya haɗa ku da wata tsohuwar a-kori-kura da ciyawa ɗaure da shuɗiyar igiya, ku gaishe mini da mai ita. Zai tambaye ku labari. Ku ce masa sai alheri.